Cin abincin gargajiyar Sifaniya a Madrid ba tare da an afka wa alade ko giya ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce za ku je Madrid kai da maiɗakinka ku yi mako guda, kuna so ku ci abincin mutanen Sifaniya na asali amma tsoron naman alade da giya ya hana ka sukuni, har wani ya ba ka shawara ku lizimci shagunan kebab kawai har ku dawo. To ni dai ban goyi bayan wannan shawarar ba ko kaɗan. Na daɗe ina aiki a kicin ɗin gidajen abinci a garin nan, na san abin da ake zubawa a tukunya a bayan ƙofa, kuma ina tabbatar maka Musulmi zai ci abincin Sifaniya na ainihi ya ƙoshi safe da rana da dare, in dai ya san abin da zai nema da yadda zai yi tambaya da lokacin da zai fita. Kebab ɗin ma ai ba nasu ba ne, ka biya kuɗin jirgi tun daga gida ka zo ka ƙare a abin da ake samu a kowane lungu na Turai, wallahi asara ce.

Amma tsoron naka yana kan hanya, kada ka yar da shi. Sifaniya ce kan gaba wajen kiwon alade a duk Tarayyar Turai, a shekara suna yanka sama da miliyan 50, wato sun fi yawan mutanen ƙasar ma. Kuma abin yana da tarihi, bayan faɗuwar Granada a 1492 an kori Yahudawa, Musulmin da suka rage kuma aka tilasta musu shiga Kiristanci, kotun cocin da ake kira Inquisición tana sa ido a kan wanda ba ya cin alade don alama ce ta cewa yana ɓoye addininsa na da, har aka zo aka kori jikokin Musulmin gaba ɗaya daga 1609 zuwa 1614. Shi ya sa alade ya shiga ko'ina a girkinsu, har inda ba za ka taɓa zato ba. Busasshiyar cinyar aladen nan da za ka gani a rataye a saman kanta, jamón, ba ita ce za ta ba ka matsala ba tunda kana ganinta da idonka. Abin da ke kama mutanenmu shi ne ɗan gutsuren da aka yayyanka ƙanana aka watsa a kan ganye, da ƙashin da aka dafa romo da shi, da kitsen da aka cuɗa fulawa da shi.

Nan ne tambaya take da muhimmanci, kuma a nan yawancin baƙi suke kuskure. In ka ce wa weta ba ka cin nama, sin carne, zai gyaɗa kai da zuciya ɗaya ya kawo maka koren wake da jamón a kai, don a tunanin mutane da yawa a nan jamón ɗanɗano ne ake ƙarawa, ba sa lissafa shi cikin nama. Ba mugunta ba ce, haka suka taso. Don haka sai ka ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta wannan a wayarka: No como cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni tocino, ni manteca. Ma'ana ba na cin alade, ko jamón, ko tsiran chorizo, ko kitsensa, ko mansa. In miya ce ko shinkafa ka ƙara da ¿El caldo lleva jamón?, wato akwai jamón a romon, in kuma abu ne mai miya-miya a kai ka ce ¿Lleva vino?, an sa giya a ciki. Ka ce Soy musulmán kai tsaye ba tare da jin nauyi ba, akwai 'yan Maroko da 'yan Senegal da 'yan Bangladesh birjik a garin, da yawansu ma su ne a kicin ɗin, weta ya saba da jin haka kuma galibi zai leƙa ciki ya tambayo maka mai girkin. Abu ɗaya kada ka dogara da shi, 'yan alamomin nan da ake sawa a gefen sunan abinci a takarda. Dokar Turai ta wajabta nuna abubuwa 14 masu tayar wa mutane da borin jini, irin su ƙwai da madara da gyaɗa da kifi, alade ba ya cikinsu, don haka rashin alama ba ya nufin babu shi.

Akwai kuma sunayen da alade ne zalla amma ba za ka ga kalmar cerdo a jikinsu ba, su lomo, secreto, presa, pluma, lacón, panceta, torreznos, morcilla, chistorra, salchichón, sobrasada, oreja, cochinillo. Solomillo zai iya zama na sa zai iya zama na alade, albóndigas kuma ƙwallon niƙaƙƙen nama ne da galibi ake haɗa na sa da na alade. Sandwich mixto ma da ake ba yara da safe cuku ne da alade.

Sai lokaci, don ko ka haddace duk wannan in ka fita a lokacin da ba nasu ba abincin 'yan yawon buɗe ido za ka ci. Mutanen Madrid ba sa cin abincin rana sai ƙarfe 2 zuwa 4, na dare kuma daga 9 har 11, tsakanin 4 da 8 yawancin kicin na kirki a rufe suke. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun 1940 aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na tsakiyar Turai, aka bar shi haka har yau, sai ya zama agogo yana gaban rana. Da hunturu lokacinsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gabanmu da awa ɗaya, a watan Yuni magariba kan kusa kai ƙarfe 10 na dare. Duk gidan abincin da ka gani ƙarfe 6 na yamma a kusa da dandalin Puerta del Sol na tsakiyar gari da hotunan abinci manya-manya a ƙofa da wani yana tsaye yana kiranka da Turanci, ka wuce abinka.

Babban abincinsu na rana ne, kuma nan ne za ka ci da kyau a kuɗi kaɗan. Daga Litinin zuwa Juma'a kusan kowane gidan abinci na unguwa yana da menú del día, tun tsakiyar shekarun 1960 zamanin mulkin Janar Franco gwamnati ta wajabta irinsa saboda baƙi, daga baya ya zama abincin ma'aikata. Kuɗi ɗaya za ka biya, yanzu wajen yuro 13 zuwa 17 a tsakiyar gari, a ba ka kwano na farko da na biyu da burodi da abin sha da kayan zaƙi ko kofi. A kwano na biyun kusan kullum akwai kifi guda, merluza ko dorada ko lubina ko bacalao, ka ce a la plancha wato a gasa a kan faranti mai zafi da man zaitun da gishiri. Kwano na farkon ne ke buƙatar ido, lentejas da fabada da sopa castellana duk da alade ake yinsu, su judías verdes da alcachofas da guisantes kuma ganye ne da wake amma da jamón ake soya su. Ka nemi pisto, wato tumatir da tattasai da albasa da kabewar turawa da aka dafa a man zaitun a ɗora soyayyen ƙwai a kai, ko ensalada mixta, ko ensaladilla rusa ta dankali da kifin tuna, in da zafi ake kuma gazpacho. Gazpacho ɗanyen tumatir ne da kokwamba da tattasai da tafarnuwa da man zaitun da ɗan khal aka markaɗa a sha da sanyi, da farko miya mai sanyi tana yi wa bakinmu banbaraƙwai amma a zafin Yuli na Madrid za ka gane hikimar. Ɗan'uwansa salmorejo na Córdoba ya fi kauri ya fi daɗi a wurina, sai dai da dafaffen ƙwai da jamón ake ƙawata samansa, ka ce sin jamón tun kafin a zubo.

Abin da ya sa nake cewa ba za ka ji yunwa ba shi ne kifi. Madrid tana tsakiyar ƙasa, tsakaninta da teku ya fi kilomita 300, amma kasuwar sari ta Mercamadrid tana cikin manyan kasuwannin kifi na duniya, cikin dare motoci ke shigowa da kaya daga Galicia da gaɓar Cantábrico da Andalucía, kafin azahar yana kan faranti. Mu kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, to ka ga an buɗe maka rabin takardar abincin. Ka fara da bocadillo de calamares, shi ne abincin titi na Madrid na haƙiƙa, calamares wata halittar teku ce dangin dorinar ruwa da ake yankawa zobe-zobe a turbuɗa a fulawa a soya a cusa a burodi, babu wani abu a ciki bayan haka, sai ka matsa lemun tsami. A lungunan da ke kewaye da babban filin Plaza Mayor ake cinsa, La Campana da ke titin Botoneras na cikin sanannu, za ka ga layi amma yana saurin tafiya, kuɗin bai fi wajen yuro 5 ba. Kada dai ka zauna a kujerun da ke cikin filin kansa, kuɗin wurin zama za ka biya.

Daga nan 'yar tafiya kaɗan ce zuwa Casa Labra a titin Tetuán bayan Sol, tun 1860 take, a cikinta ma aka kafa jam'iyyar gurguzu ta PSOE a 1879. Abu biyu ake zuwa ci a can, soyayyen bacalao da croquetas na bacalao, wato 'yan ƙananan curin fulawa da madara da ake soyawa. Wannan ya dace da kai sosai don croquetas a sauran wurare galibi na jamón ne. Bacalao kifi ne da ake busarwa da gishiri sannan a jiƙa shi a ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin a girka, in an iya shi naman yana ɓarewa fari tas. Sai La Casa del Abuelo a titin Victoria, tun 1906, su kuma jatan lande ne sana'arsu, gambas al ajillo, ana kawo shi a ɗan kaskon ƙasa man zaitun yana tafasa da tafarnuwa da ɗan barkono, kada ka bar man nan ya tafi a banza, da burodi ake dangwale shi. Wasu gidajen suna ɗiga farar giya a irin wannan girkin, don haka ko'ina ka je ka tambaya. Na fi tura ka irin waɗannan wuraren masu sana'a ɗaya saboda wani abu da sai wanda ya tsaya a kicin ya sani, a ƙaramar mashaya mai sayar da komai da komai tukunyar suya ɗaya ce ko biyu, man da aka soya croquetas na jamón shi za a jefa calamares ɗinka, farantin gashin ma haka. In wannan yana damunka, kuma ni yana damuna, ka nemi marisquería ko freiduría inda kifi ne kusan duk abin da ke shiga mai, ko ka zaɓi abin da ba ya bi ta tukunyar suya.

Irin su pulpo a la gallega, dorinar ruwa da aka dafa har ta yi laushi aka yanka da almakashi a kan dankali aka barbaɗa jan garin tattasai da gishiri da man zaitun, yana da ɗan tsada amma ku ci ko sau ɗaya ne. Ko boquerones en vinagre, ƙananan kifi da aka jiƙa a khal da tafarnuwa. Almejas a la marinera da mejillones masu miya kuwa da farar giya ake yinsu, ka nemi mejillones al vapor waɗanda aka turara kawai.

Tortilla de patatas ita ce za ta zama abokiyarku a tafiyar nan. Ƙwai ne da dankalin turawa da man zaitun da gishiri, wasu da albasa wasu babu, kuma 'yan ƙasar suna musu a kan albasar nan da gaske har gobe, ni ina ɓangaren masu albasa. Ana dafa dankalin a hankali cikin mai har ya yi lugub ba tare da ya soyu ya yi ƙarau ba, a juye cikin ƙwai a bar shi ya sha, sannan a mayar kasko a juya. Ka ce un pincho de tortilla a ba ka yanka ɗaya da burodi, da kofi da madara ya isa karin kumallo. A Madrid suna son cikinta da ruwa-ruwa, in Hajiya ba ta son ɗanyen ƙwai ko tana da juna biyu ku ce bien cuajada, wadda ta nuna sosai. Huevos rotos kuma soyayyen ƙwai ne da ake farfasawa a kan soyayyen dankali, Casa Lucio a titin Cava Baja na unguwar La Latina ta yi suna a kansa kuma nasu na asali ƙwai ne da dankali kawai, a sauran wurare sai ka hana a ɗora jamón. Patatas bravas ma ka gwada, soyayyen dankali da jar miya mai ɗan yaji, sai dai ka tambayi romon da aka yi miyar da shi. Akwai pimientos de Padrón, ƙananan koren tattasai da aka soya da gishiri, da berenjenas con miel da espinacas con garbanzos, berenjenas ɗin yalon turawa ne soyayye da zuma ko ruwan rake a kai, espinacas ɗin alayyafo ne da wani wake mai zagaye da kamun, waɗannan biyun girkin kudu ne inda Musulmi suka yi mulki ƙarnuka kuma za ka ji hakan a bakinka.

Na san paella ce a ranka, kowa ita yake tambaya. Ka sani abincin Valencia ce, daga gonakin shinkafar da ke kewaye da tafkin Albufera, a Madrid baƙuwa ce, don haka mai kyau da marar kyau duk akwai kuma marar kyan ta fi yawa a inda baƙi ke taruwa. Ta asali, paella valenciana, da kaza da zomo da koren wake da wani babban farin wake da tumatir da za'afaran ake yinta, wadda ta dace da kai ita ce de marisco ta kayan teku, ko arroz a banda, ko arroz negro da ake baƙanta ta da tawadar calamares, ko de verduras ta ganye. Mixta kuwa haɗin nama da kifi ce, wasu har haƙarƙarin alade suke sawa, ka bar ta. Ka nemi gidan da ake kira arrocería, da rana ake cinta ba da dare ba, ba sa yi wa ƙasa da mutum biyu kuma kuɗin da ke rubuce na mutum ɗaya ne sai ka ninka, za su ce ka jira kusan rabin awa ko fiye. Wannan jiran shi ne shaidar yanzu ake dafa ta. Wadda aka kawo maka cikin minti goma rawaya shar daga firiza ta fito. Shinkafar ta zama shimfiɗe siririya a faffaɗan kasko, ba a juya ta in an zuba, a ƙasa kuma ta kama ta yi ƙanzo, su suna ce masa socarrat kuma shi ake rububi, ka kankare shi da cokali. Ranar Alhamis gidajen abinci da yawa suna sa paella a menú del día, tsohuwar al'ada ce, amma ita galibi mixta ce.

Akwai abincin da zan ce ka haƙura da su duk da su ne tutar garin. Cocido madrileño, wanda La Bola ke dafawa a tukwanen ƙasa tun 1870 da Lhardy da aka buɗe 1839, tukunya ɗaya ce da wake da kabeji da naman sa da kaza da chorizo da morcilla da kitse da ƙashin jamón, ba yadda za a cire maka tunda romon kansa na alade ne. Callos, tumbin sa ne amma da chorizo da morcilla. Rabo de toro wutsiyar sa ce da ake dafawa cikin jar giya. Botín da ke titin Cuchilleros, wanda kundin Guinness ya ce shi ne gidan abinci mafi daɗewa a duniya, tun 1725, abin da ya shahara da shi gasasshen jaririn alade ne, suna gasa ɗan rago ma amma a tandar itacen nan tasu ake yin duka biyun, ku tsaya ku ga ginin daga waje ya wadatar.

Batun naman sa da rago da kaza na gidajen abincin gama-gari, ko ya shiga hukuncin yankan Ahlul Kitabi ko bai shiga ba saboda yadda mayankar zamani ke aiki, malamai sun yi saɓani, wannan ka tambayi malaminka kafin ka taso. Ni dai a waje kifi nake ci, nama kuma sai inda na ga shaidar halal, akwai Instituto Halal da ke Córdoba mai ba da takardar. In kwaɗayin nama ya taso ku shiga unguwar Lavapiés, mahautan halal da gidajen abincin 'yan Senegal da Maroko da Bangladesh suna nan a jere, ko unguwar Tetuán wajen masallacin Abu Bakr, kusa da kasuwar Maravillas da ke titin Bravo Murillo wadda ita kanta ta cancanci a shiga a ga teburan kifi. Babban masallacin da ake kira na M-30, wanda aka buɗe 1992, nan za ka yi Juma'a, in an idar ka tambayi mutane inda suke cin nama, za su nuna maka gidan da ke tashe a lokacin.

Abin sha kuma, kusan duk tapas, wato ƙananan farantan abin taɓawa, a mashaya ake cinsu, bar a nan wuri ne da ake shan kofi da safe tsofaffi da yara duk suna shiga, amma giya tana nan a kan kanta, in zuciyarka ba ta kwanta da zama a ciki ba ku zauna a waje ko ku zaɓi restaurante ko rumfunan kasuwa irin Antón Martín da San Fernando. Mercado de San Miguel da ke gefen Plaza Mayor ginin ƙarfe ne mai kyau na 1916, a shiga a kalla, amma tsada gare shi da cunkoso, a kula da aljihu kuma. Sangría da tinto de verano da vermut da clara da sidra duk giya ne ko da sun yi kama da lemo. Wadda ake ce wa cerveza sin ma, wato giyar da ake cewa ba ta sa maye, doka ta yarda ta ɗauki ɗan burbushin giya ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, ka bar ta. Ka nemi mosto, ruwan inabi ne zalla, ko zumo de naranja natural a matse maka lemun zaƙi a gabanka. Ruwan famfon Madrid daga duwatsun arewacin garin yake zuwa kuma yana da daɗi, tun 2022 doka ta ce dole a ba ka shi kyauta in ka nema, ka ce agua del grifo. A mashaya da yawa in ka sayi abin sha ana haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, wani lokacin zaitun wani lokacin chorizo, ka faɗa tun da wuri a canza maka. In kana son faranti sosai shi ne ración, rabinsa media ración, ku biyu ración uku sun ishe ku, a tsakiya ake ajiyewa kowa ya sa cokali.

In da bazararsu za ku je lallai ku sha horchata. Kunun aya ne, ayar nan dai tamu, su suna ce mata chufa, ana noma ta a Alboraya kusa da Valencia, kuma saboda tasu ba ta isarsu suna sayo wata daga Afirka ta Yamma har da Nijar, inda ake noma ta sosai a yankin Maraɗi. Nasu aya ce da ruwa da sukari kawai, babu dabino babu kwakwa babu citta, ana ba da shi da sanyi ƙarara. Ka nemi wanda aka rubuta natural ko artesana, na kwalba bai kama ƙafarsa ba, akwai wata tsohuwar rumfa a titin Narváez da ke buɗewa a watannin zafi.

Kayan zaƙi su ma da tarkonsu. Polvorones da mantecados da ensaimada da man alade ake yinsu, wasu kayan fulawa masu ɓawo-ɓawo ma haka, ka duba manteca de cerdo a jikin leda ko ka tambaya. Torrijas wasu da madara wasu da giya. Flan da natillas da arroz con leche ba su da matsala, ƙwai ne da madara da sukari da shinkafa. Churros fulawa ce da ruwa da gishiri a soya a man girki, ana tsoma su a cakulan mai kauri da zafi, San Ginés tun 1894 take yi a wani lungu kusa da Sol, ku je da sassafe bayan asuba kafin layi ya yi tsawo, ku gwada porras ma waɗanda suka fi kauri da laushi.

Ka shirya wa abu ɗaya, abincinsu ba yaji, abin da suke ce wa picante a bakin Bahaushe ko motsi ba ya yi. Girkin nasu a kan kyan kayan yake tsaye, man zaitun wanda ƙasar ce ta fi kowa samar da shi a duniya, da gishiri da tafarnuwa, don haka kwana biyun farko ku ci shi yadda yake ku ji ɗanɗanon kifin kansa, in ya gagara sai Hajiya ta fito da ɗan garin yaji daga jaka. Yajin za ku iya tahowa da shi, amma kilishi da dambun nama da man shanu kada ku sa a kaya, an hana shigo da nama da kayan madara Tarayyar Turai daga waje, kwastan za su ƙwace har su iya cin tararku.

In kun gama ci ba wanda zai kawo muku bil sai kun nema, a wurinsu rashin ladabi ne a tashi mutum daga tebur, suna zama hira bayan abinci su daɗe, sai ka ɗaga hannu ka ce la cuenta, por favor. Tukuici ba dole ba ne, in ka ji daɗin hidima ka bar yuro ɗaya ko biyu. Zama a waje ya kan fi na ciki tsada kaɗan, burodin da aka ajiye in ba a menú ba ne ana lissafa shi, in ba ka so ka ce a ɗauke. Gidajen abinci da yawa suna hutu daren Lahadi da ranar Litinin, a watan Agusta kuma wasu kan rufe makonni, sannan kifi ya fi zama sabo daga Talata zuwa Asabar, don haka ranar da za ku ci paella ko pulpo ku sa ta cikin waɗannan ranakun kuma ku kira ku kama tebur tun ana gobe, ƙarfe 2 daidai. Allah ya kai ku lafiya, a gaishe min da Hajiya.